Rabin Minti Kafin Labari

A shekarar 2017 kamfanin Netflix ya ƙara wani ɗan maɓalli a gefen allo, wanda ke bai wa mai kallo damar tsallake mabuɗin shiri ya faɗa cikin labari kai tsaye. Nan da nan abin ya karɓu, sauran kamfanoni suka bi sahu. Uzurin a fili yake, domin wanda ya zauna zai kalli kashi shida a dare ɗaya ba ya bukatar a gabatar masa da shirin har sau shida. Amma a zamanin da shiri ke zuwa sau ɗaya tak a mako, a lokacin da tasha ta yanke, wannan rabin mintin yana ɗauke da nauyi babba. Shi ke kiran wanda ke tsakar gida ya shigo ɗaki, shi ke shaida wa yara cewa labarun duniya sun ƙare, nasu ya zo. Ma'aikatan rediyo na ƙasar Hausa sun daɗe da samo masa sunan da ya dace, suka kira kiɗan buɗe shiri da take, wato irin kiɗan da makaɗi ke keɓe wa basarake ko gwanin noma, wanda da an ji shi an san mai zuwa tun ba a hango shi ba.

Mabuɗin shirin talabijin take ne da aka yi wa ido da kunne tare. A yau a kwamfuta ake haɗa shi: mai zane ya ƙudura siffa a ransa, ya umarci na'ura, ya ga sakamako nan take, in bai gamsu ba ya goge ya sake. Kafin wannan zamani akwai wata ƙa'ida da ba ta da makawa. Duk abin da zai bayyana a allo sai ya fara zama wani abu na zahiri da aka ajiye a gaban kyamara, kwali ne ko gilashi, ƙarfe ne ko fitila. Wannan ƙa'ida ta ba masu sana'ar wahala ƙwarai. Ita ce kuma ta kai su ga hotunan da babu wanda ya taɓa rayawa a zuciyarsa, domin daga halin kayan aikin kansu suka fito, mai zane ya tsince su ya gane darajarsu. Babu inda wannan ya fi bayyana kamar a tashar BBC ta Landan, daga shekarun 1950 zuwa tsakiyar na 1980, musamman a shirin nan mai suna Doctor Who.

## Kwali, reza da ƙarancin haruffa

Akwatin talabijin na Birtaniya a farkon shekarun 1960 yana gina hoto ne da layuka 405, baƙi da fari. In aka kwatanta shi da allon wayar hannu ta yau, kamar leƙe ne ta cikin asabari. Siririn layi ɓacewa yake yi, zane mai ratsi kusa da juna kuwa rawa yake yi a ido. Ja da kore masu nauyi ɗaya sukan koma toka-toka iri guda, har a kasa bambanta rubutu da bangon da ke bayansa. Ga shi kuma akwatunan gidaje sukan cinye gefe-gefen hoton, kowanne gwargwadon saitinsa, saboda haka dole a tattara duk wani abu mai muhimmanci a tsakiya. Mai zanen da ya fito daga aikin ɗab'i, inda takarda ke riƙe ɗigo komai ƙanƙantarsa, sai ya sake koyon sana'arsa daga tushe.

Sunayen 'yan wasa da ma'aikata a kan baƙin kwali ake rubuta su da fararen haruffa, a jingina kwalin a gaban kyamara. Yayin da kyamara ɗaya ke nuna kwali na farko, wani ma'aikaci na sauya na biyu a gaban ɗayar. Jerin sunayen ƙarshe da ke hawa sama doguwar baƙar takarda ce da aka naɗe a jikin ganga ana juya ta. Daga 1961 kamfanin Letraset ya rage wahalar da wasu shafukan roba masu ɗauke da haruffa, waɗanda ake ɗorawa a kan kwali a goga bayansu da bakin biro, harafin ya manne. Sai dai kowane shafi da adadin haruffan da aka yanka masa, kuma harafin e, wanda ya fi kowanne yawa a Turanci, shi ke fara ƙarewa. Daga nan sai mai zane ya ɗauki reza ya datse wani harafin don ya ƙago wanda ya rasa. Da Hausa ake rubutun, da harafin a ne zai riƙa jawo wannan rigimar.

Hatta tambarin tasha ƙira ce irin ta maƙera. A Disamban 1953 BBC ta fara nuna alamar da Abram Games ya tsara, an ƙera ta da tagulla: ƙaramar duniya a tsakiya, zobba na kewaya ta, ga siffar walƙiya dama da hagu, har jama'a suka yi mata laƙabi da fikafikan jemage. Da yake na'urar ba ta da ƙwari, a fim aka ɗauke ta aka riƙa nuna fim ɗin. A 1969, da tashar BBC1 ta koma mai launi, sai aka zo da ƙwallon duniya mai fitila a ciki, tana juyawa a gaban lanƙwasasshen madubi wanda ke shimfiɗa nahiyoyin a bayanta. Kyamara baƙi-da-fari ce ke kallonta kai tsaye, a ƙara launin ta hanyar lantarki. Ke nan duk sa'ad da mai sanarwa ya yi magana tsakanin shiri da shiri, miliyoyin mutane na kallon wata 'yar ƙwallo ce da ke juyawa a wani ɗaki a daidai wannan lokacin.

## Kyamarar da ta kalli kanta

A 1963 sashen wasan kwaikwayo na BBC, ƙarƙashin Sydney Newman, ya tsara sabon shiri na yammacin Asabar: labarin wani baƙon dattijo da ake kira Dakta, mai yawo cikin zamani da sararin samaniya a wani akwati mai kama da rumfar tarhon 'yan sanda. An damƙa shirin ga Verity Lambert, mai shekara 27, wadda a lokacin ita kaɗai ce mace cikin furodusoshin wasan kwaikwayo na tashar. Kuɗin da aka ware kaɗan ne. To, yaya za a nuna tafiya cikin zamani, abin da ido bai taɓa gani ba, da layuka 405 da kwali?

Amsar ta fito daga abin da injiniyoyi ke ɗauka a matsayin matsala. Duk wanda ya taɓa zama a taron da aka kusantar da makirufo ga lasifika ya san ƙarar nan mai tsaga kunne: sauti ya fita daga lasifika, ya koma makirufo, ya sake fita da ƙarin ƙarfi, haka-haka har ya zama kuwwa. Hoto ma yana yin haka. Idan aka juya kyamara ta kalli allon da ke nuna abin da ita kanta take ɗauka, hoton zai riƙa zagayawa tsakanin su biyun. A kowane zagaye akwai ɗan jinkiri da 'yar jirkicewa, kuma kowace jirkicewa tana hawa kan ta baya. Ƙyallin ashana ko na ƙaramar tocila ya isa ya tayar da abin. Sai haske ya miƙe, ya rabu, ya yi rassa, ya narke kamar gajimare, ya sake haɗuwa. Gusar da kyamarar kaɗan na iya sauya komai. Wani jami'in fasaha na tashar, Norman Taylor, yana cikin waɗanda suka lura cewa wannan amsa-amon haske abin kallo ne, kuma mataimakin furodusa, Mervyn Pinfield, ya ga zai dace da sabon shirin.

Wanda aka ɗora wa nauyin mayar da shi mabuɗi shi ne Bernard Lodge, matashin mai zane a sashen zane-zane na tashar. Shi ya kawo shawarar cewa maimakon a liƙa sunan shirin a saman hotunan, a jefa haruffan cikin zagayen kansa a bar na'ura ta tauna su. Sai kalmomin suka riƙa tsirowa daga cikin hasken, suna jan wutsiya, suna komawa cikinsa.

Babu wanda ya zana waɗannan siffofi, babu kuma wanda zai iya maimaita su. Zagayen da ya haifi wata siffa yanzu ba zai haifi irinta ba bayan minti ɗaya. Hanya ɗaya ce: a bar kyamara tana aiki, a ɗauki duk abin da ya fito a kan fim, sannan Lodge ya zauna ya zaɓi 'yan daƙiƙun da suka yi daidai ya jera su. Aikinsa a nan ya fi kama da na masunci, wanda ya san inda zai jefa fatsa amma bai san abin da za ta kamo ba. Gwanintar tana wajen gane kifin kirki idan ya fito.

An saita hoton ta yadda ɓangaren dama ke zama madubin na hagu, wannan ya sa na ɗan lokaci, kafin haruffan su daidaita, kalmar WHO takan bayyana kamar OHO. Sunan shirin dama tambaya ce, wato "Dakta wa?", kuma Bahaushen da ya ga haka zai ce na'urar ta riga kowa ba da amsa: oho. An kuma gwada sanya fuskar mutum cikin zagayen, amma yadda take narkewa ya ba da tsoro har aka ga bai dace da shirin da yara za su kalla ba. Sai a 1967, zamanin Patrick Troughton, ɗan wasa na biyu da ya fito a matsayin Dakta, aka samo hanyar da fuska za ta bayyana ba tare da ta zama dodo ba.

An fara nuna shirin ranar 23 ga Nuwamba 1963, kwana ɗaya bayan kashe Shugaba Kennedy na Amurka, sa'ad da hankalin jama'a ke wani wuri. Sai da aka maimaita kashin farko a mako na gaba.

## Taken da aka ɗinka da reza

Kiɗan da ke rakiyar hotunan ya bi irin wannan hanya. Ron Grainer ne ya rubuta shi a takarda, har da wasu kalmomi da ke kwatanta irin sautin da yake so, masu nuni ga iska da gajimare. Aka kai takardar wani ƙaramin sashe na BBC da ke unguwar Maida Vale, mai suna Radiophonic Workshop, wanda aka kafa a 1958 don ƙirƙirar baƙin sautuka ga wasannin rediyo. A can ta faɗa hannun Delia Derbyshire, wadda ta karanci lissafi da kiɗa a Cambridge, wadda kuma kamfanin faya-fayai na Decca ya taɓa ƙin ɗauka aiki da hujjar cewa ba ya sa mata a ɗakin naɗar sauti.

Babu makaɗi ko ɗaya a wannan take. Derbyshire ta naɗi amon tsirkiya ɗaya da aka fizga, ta riƙa ƙara wa zaren kaset ɗin gudu ko rage masa don ta samu kowace murya da ake bukata, ta sama ko ta ƙasa. Sauran sautukan daga na'urorin gwajin kayan lantarki ta samo su, da kuma irin shuuu ɗin nan da rediyo ke yi idan bai kama tasha ba. Kowace murya guntun zare ne da aka auna da rula, domin tun da zaren na tafiya da gudu sananne, tsawon inci kaza daidai yake da daƙiƙa kaza. Aka yanka guntayen da reza, aka liƙa su ɗaya bayan ɗaya. Da yake sashen ba shi da na'urar da ke ɗaukar layukan kiɗa da yawa a zare guda, sai aka ɗora kowane layi a injinsa, a danna su tare da hannu, in ba su tafi daidai ba a tsaya a sake.

Mataimakinta, Dick Mills, ya sha ba da labarin yadda suka ji murya ɗaya ta kauce bayan sun gama haɗawa. Sai suka warware zaruruwan a doguwar barandar ginin, suka jera su gefe da gefe, suka bi su da ƙafa suna neman inda mahaɗar ɗaya ta saɓa wa na sauran. Da ido suka kama kuskuren da kunne ya ji.

Da Grainer ya saurari abin da ya fito, ya tambaya cikin mamaki ko shi ne ya rubuta wannan. Ta amsa masa cewa akasarinsa dai. Ya nemi a sa sunanta tare da nasa, tashar ta ƙi, domin tsarinta shi ne ba a ambaton ma'aikatan wannan sashe ɗaya-ɗaya.

## Tsaga, leda da duhu

A 1970 shirin ya koma mai launi, Lodge ya sake amfani da amsa-amon haske, ya ɗauka baƙi da fari aka rina fim ɗin daga baya. Amma tun a 1968 fim ɗin Stanley Kubrick mai suna 2001: A Space Odyssey ya nuna wani abu sabo: wata hanya ta haske marar iyaka da ɗan sama-jannati ke faɗawa cikinta, aikin Douglas Trumbull. Lodge ya ƙudura yin irinta da abin da talabijin ke da shi.

Dabarar tana kan wani abu da kowane mai ɗaukar hoto ya sani. Idan aka bar idon kyamara a buɗe da dare a bakin titi, fitilun motoci dogayen zaruruwan haske suke zama, domin fim yana tara duk hasken da ya sauka a kansa muddin idon na buɗe. To, a ɗaki mai duhu, sai a sa baƙin allo mai siririyar tsaga, a bayansa a sa zanen da aka haska. A buɗe idon kyamara tana nesa, ta taho a hankali har kusa da tsagar, yayin da zanen ke zamewa a bayanta. Tsagar da ta fito ƙarama daga nesa tana ƙara girma yayin da kyamara ke matsowa, saboda haka hasken da ke ratsa ta yana shafe fim ɗin daga tsakiya zuwa gefe, ya bar siffar bango mai zurfi. Idan tsagar da'ira ce, rami ake samu. Sai a rufe idon. An samu hoto ɗaya ke nan.

Talabijin na Birtaniya yana cin hoto 25 a kowace daƙiƙa, saboda haka rabin minti hoto 750 ne. Kowanne sai kyamara ta koma mafarinta, a gusar da zanen ɗan ƙanƙani, a sake tafiyar. In kuma ana son abu biyu a hoto ɗaya, misali ramin da fuskar ɗan wasa, sai a yi kowanne daban sannan a haɗa. Lodge ya yi aikin ne da irin kyamarar da ake ɗaukar zane-zane da ita, wadda ke rataye a jikin ginshiƙi tana kallon tebur, tana hawa tana sauka. Siffofin bangon ramin kuwa daga leda suka fito: idan aka ja leda har ta miƙe, aka sa ta tsakanin gilasai biyu masu tace haske, wuraren da suka sha ja sukan fito da launuka kamar bakan gizo. Aikin ya ci watanni.

Mafi wuya a ciki shi ne aiki cikin makanta. Mai zane ba ya ganin komai sai fim ya dawo daga wanki. Lissafin nisa da na haske da na gudu duk a takarda ake gama shi tukuna, a cike jadawali layi bayan layi. Kuskure ɗaya a hoto na 600 na iya mayar da mutum hoto na farko. Wannan ya koya wa masu sana'ar ɗabi'u biyu da kamar sun saɓa wa juna: yanke shawara tun kafin a taɓa na'ura, da kuma buɗe ido ga abin da ya dawo ba yadda aka zata ba, domin wani lokaci ya fi abin da aka nema.

Sabon mabuɗin ya fito a Disamban 1973. A ƙarshen 1974 aka gyara shi don Tom Baker, Dakta na huɗu, kuma a haka ya zauna har 1980. Ramin zamanin da aka gina da leda ya zama siffar da shirin ke komawa gare ta. Ko da aka farfaɗo da shi a 2005, da kwamfutocin da za su iya zana kome, rami aka sake zanawa.

## Da kwamfuta ta iso

Sauyin bai zo dare ɗaya ba. A farkon shekarun 1980 tashar HBO ta Amurka ta sa aka ƙera mata ɗan ƙaramin birni sukutum, da gidaje da tituna da fitilu, don kyamara ta ratsa ta samansa kafin ta tashi ta tarar da haruffan tashar da aka ƙera da ƙarfe mai sheƙi. A daidai wannan zamani, a Nuwamban 1982, sabuwar tashar Channel 4 ta buɗe a Birtaniya da tambarin Martin Lambie-Nairn, guntaye masu launi da ke tashi su haɗu su zama lamba 4. Wannan kam kwamfuta ce ta motsa shi, kuma sai da aka tafi har Los Angeles aka yi aikin. Na'urar Paintbox ta kamfanin Quantel, wadda ta fito a 1981, ta bai wa mai zane alƙalami da allo ya riƙa ganin abin da yake yi nan take. A Fabrairun 1985 BBC1 ta kashe fitilar ƙwallonta, ta maye gurbinta da duniyar da kwamfuta ta zana. A 1987 Doctor Who ya samu mabuɗinsa na farko na kwamfuta.

Rashin adalci ne a mayar da wannan tarihi kukan zamanin da ya shuɗe. Tsohuwar hanya tsada gare ta, ƙofarta kuma ƙunci. Sai babbar tasha mai situdiyo da injiniyoyi da hanyar wanke fim ke iya ta, alhali a yau matashi mai kwamfutar tafi-da-gidanka zai haɗa a yini ɗaya abin da ya ci Lodge watanni. Su kansu Lodge da Derbyshire ba su ƙi na'ura ba, mafi sabunta a zamaninsu suka runguma.

Duk da haka akwai abin da ya tafi. Kwamfuta abin da aka ce mata take yi. Wanda ya zauna gabanta yana samun abin da ya riga ya hango, ko abin da wani ya hango ya ajiye a matsayin samfurin sayarwa. Shi ya sa mabuɗai da yawa na yau, daga na manyan kamfanoni har na ƙananan tashoshin YouTube, suke kama da 'ya'yan ɗaki ɗaya: haruffan zinariya masu juyi, ƙurar haske, hayaƙi mai tafiya a hankali. Take kuwa in ya yi kama da na kowa ya daina aikinsa, domin ba ya shaida wa kowa wanda ke tafe. Kyamarar da ta kalli kanta ba ta da wannan biyayya, da nata halin take zuwa, mai zane ya yi ciniki da ita. Maɓallin gogewa ya kawar da tsoron kuskure, ya kuma tafi da dalilin tsayawa a dubi kuskuren da kyau kafin a jefar da shi. Amsa-amon haske kansa matsala ce da injiniyoyi suka saba kaucewa, har ranar da wani ya tsaya ya kalle ta.

## Daga Landan zuwa Jos

BBC ba ta ɗauki waɗannan shirye-shirye abin adanawa ba. Zaren bidiyo na wancan zamani, mai faɗin inci biyu, yana da tsada, saboda haka goge shi ake yi a naɗi wani shirin a kai. Yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaita shiri, zuwan launi ya kashe kasuwar baƙi-da-fari, babu kuma wanda ya hango ranar da mutane za su sayi tsohon shiri su kalla a gida. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1978 aka goge ko aka zubar da ɗimbin ayyuka. Abin da ya ceci wasunsu shi ne kwafin fim mai milimita 16 da ake sayar wa tashoshin ƙasashen waje, waɗanda ke miƙa wa juna gwangwanayen daga ƙasa zuwa ƙasa.

A Oktoban 2013 aka sanar cewa wani mai farautar tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya tarar da wasu gwangwanaye a ɗakin ajiya na wata tashar talabijin a Jos. Kashi 11 ne na Doctor Who, tara daga cikinsu BBC ba ta da su, daga labarai biyu na 1967 da 1968, The Enemy of the World da The Web of Fear. Adadin ɓatattun kashi ya sauka daga 106 zuwa 97. Labaran na zamanin Troughton ne, wato kowane kashi yana farawa da fuskarsa tana fitowa daga cikin amsa-amon haske, da taken Derbyshire a ƙarƙashi. Mabuɗi dai shi ne ɓangaren shiri da ya fi wuyar ɓacewa, tun da yana kan kowane kashi. Ko labari ya salwanta, an san yadda aka buɗe shi.

Wata guda bayan haka, ranar 23 ga Nuwamba 2013, shirin cika shekara 50 ya buɗe da hotunan 1963, baƙi da fari, kuma a jerin sunayen ƙarshe sunan Delia Derbyshire ya fito a karon farko. Ta rasu tun 2001. Bernard Lodge kuwa ya bar BBC a ƙarshen shekarun 1970, ya yi aikin tallace-tallace da fina-finai, daga baya ya koma zana littattafan yara, yana sassaƙa hoto a kan katako ya buga shi da tawada, sana'ar da in wuƙa ta yanka babu mayarwa.